Idan Kasuwar Salun Ta Yi Sanyi: Yadda Za Ki Riƙe Shago Har Ciniki Ya Dawo

Babu salun da ke cika maƙil daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. Akwai makonnin da ko ruwa ba ki samun sukunin sha, mutum uku na jiran diraya ɗaya, wata na leƙowa daga ƙofa tana tambayar saura mutum nawa. Sai kuma a wayi gari yaran shago sun share ƙasa sau biyu kafin rana ta take, kowa ya duƙufa a kan wayarsa, ki ji motsi a bakin ƙofa ki ɗaga kai, ashe mai wucewa ne. Haya kuwa ba ruwanta da sanyin kasuwa, haka albashi, haka kuɗin wuta.

Abin da yawancin masu shago ke yi a irin wannan lokaci shi ne su rubuta "an yi ragi" su liƙa a ƙofa, su zauna jiran tsammani. A ganina babu maganin da ya kai wannan tsada da ƙarancin amfani, kuma lissafin da zai nuna haka yana tafe. Kwastomominki ba ƙaura suka yi ba. Suna nan, gashinsu na tsiro, farcensu na fitowa. Mai zuwa duk mako huɗu ce ta koma mako shida ko bakwai. Aikinki biyu ne: ki rage wannan tazara, ki kuma tanadi abin da zai riƙe shago kafin ta ragu.

Mataki na 1: Ki san lokacin sanyin naki shagon

Kada ki ari kalandar wani. A Turai da Amurka masu wannan sana'a da Janairu suka fi kuka, bayan jama'a sun ƙarar da kuɗi a bukukuwan Disamba. A Faransa kuwa Agusta ne watan da ake fita hutu, har wasu shagunan su rufe ƙofa gaba ɗaya. Shagon da ke kusa da jami'a yana mutuwa ran da ɗalibai suka tafi hutu. Wanda ya dogara da kwalliyar amare, rayuwarsa na bin watannin da aka fi ɗaura aure. Wanda iyaye mata suka fi yawa a kwastomominsa yana jin jiki duk lokacin biyan kuɗin makaranta.

Ɗauko littafin ciniki na shekara biyu, in akwai. A kowane wata ki fitar da abu uku: mutum nawa aka yi wa aiki, nawa ya shigo, da irin aikin da aka fi yi. Ki raba kuɗin da yawan mutanen, ki ga abin da kowace kwastoma ke kashewa a tsakaice. Nan za ki gane wane irin sanyi ne ya same ki, domin iri biyu ne. Wani watan mutane ne suka ragu. Wani watan kuma yawansu na nan, amma mai yin rini da gyaran farce ta tsaya a wankin kai kaɗai. Na farko yana buƙatar ki nemo mutane, na biyu yana buƙatar ki gyara abin da kike sayar wa waɗanda suka zo.

In ba ki taɓa riƙe littafi ba, saƙonnin banki da hirarki da kwastomomi a WhatsApp da ranakun da ke jikin hotunan aikin da ke wayarki za su ba ki hoton shekarar da ta wuce. Daga yau kuma sai a fara rubutawa, da rana da awa, saboda a cikin mako ma akwai ranakun sanyi, a cikin yini akwai awanninsa.

Mataki na 2: Fitar da lambar da ke riƙe shago

Yawancin tashin hankalin lokacin sanyi rashin sanin lamba ɗaya ke kawo shi: mutum nawa ake buƙata a wata kafin shago ya biya kansa. Wadda ba ta san wannan ba, duk ranar da aka tashi da mutum biyu sai ta kwana ba barci, alhali wataƙila mutum biyun sun isa.

Kashe-kashen shago kashi biyu ne. Akwai wanda za ki biya ko an zo ko ba a zo ba: haya, tsayayyen albashi, kuɗin wuta da ruwa da data, haraji, biyan bashi in akwai. Akwai kuma wanda sai an yi aiki yake fita: shamfu, man gashi, rini, jan farce, auduga, kamashon wadda ta yi aikin. Ki saka albashin kanki a rukuni na farko. Mai shagon da ba ta yanka wa kanta albashi ba, hannu take sawa a akwatin ciniki duk lokacin da buƙatar gida ta taso, ta ci uwar kuɗi tana zaton riba ce.

Ga misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi, ki maye su da naki. A ce tsayayyun kashe-kashe 3,000 ne a wata. Kowace kwastoma tana biyan 100 a tsakaice, kaya da kamasho suna cin 40, saura 60. Raba 3,000 da 60, ya ba ki 50. Wato mutum 50 a wata su ne bakin gaɓa, daga ta 51 riba ta fara. In shago na buɗewa kwana 26, kusan mutum biyu ke nan a yini.

Yanzu koma kan littafin mataki na 1. A ce a watan sanyi mutum 35 ake samu. Abin da suka bari 2,100 ne, giɓi 900. In sanyin na ɗaukar wata uku, giɓin shekara 2,700. Raba shi a kan watanni tara masu ciniki, 300 a wata. Ragowar aikin mutum biyar kacal a kowane wata mai kyau ta isa ta toshe ramin da ke hana ki barci.

Wannan kuɗi a asusu daban za a ajiye shi, wanda ba ki yawo da katinsa a jaka. Kuma a cire shi kullum ko duk ƙarshen mako, kada a bari sai wata ya ƙare, don a ƙarshen wata babu abin da ke saura. A makonnin da kasuwa ta buɗe sosai ki ninka abin da kike cirewa. Lokacin ne zuciya ke raya miki sabuwar kujera da sabon madubi. Su jira sai asusun ya cika.

In kin riga kin shiga sanyin ba tanadi, ki je wa mai gidan haya da dilan da ke ba ki kaya tun kafin ranar biya ta zo, ki nemi a raba miki biyan kashi-kashi. Wanda aka faɗa wa da wuri ya fi sauƙin kai a kan wanda ya yi ta kira ba a ɗauka.

Mataki na 3: Kama tazarar tun kwastoma na kan kujera

Wannan shi ne zuciyar al'amarin. Shekara mako 52 ce. Mai zuwa duk mako huɗu za ta zo sau 13. In ta koma mako shida, zuwanta bai kai tara ba. Ko mutum ɗaya ba ki rasa ba, amma kashi ɗaya cikin uku na cinikinta ya tafi. In rabin kwastomominki suka yi haka a wata biyu, ga sanyin kasuwa nan.

Abin da ke taimakonki shi ne jiki ba ya jiran aljihu. Gashin kai yana tsiro kusan santimita 1 a wata, farcen hannu kusan milimita 3. Don haka kowane aiki yana da wa'adinsa. Wadda aka yi wa rini, saiwar gashinta za ta nuna a mako huɗu zuwa shida. Jan farce na jel yana kai mako biyu zuwa uku kafin ya fara ɗagawa. Kitson da ake bari ya daɗe bai kamata ya wuce mako shida zuwa takwas ba, in ya zarce sai gashi ya dunƙule a gindi, na gaban goshi ya fara cinyewa. Rilaksa kuwa, wato man miƙar da gashi, akasin haka ne, ba a son maimaita shi ƙasa da mako takwas, kuma sabon tsiro kaɗai ake shafawa. Kada son ciniki ya sa ki rage wa wannan kwanaki, ƙona kai da karyewar gashi za su biyo baya, sunan shago ya ɓaci.

Lokacin maganar dawowa shi ne sa'ad da aka gama aiki, ta juya kai hagu da dama a madubi tana murmushi, kafin ta buɗe jaka. "Sai yaushe kuma?" tambaya ce da ba ta haifar da komai, amsarta "zan kira ki". Ki faɗi wa'adin da kanki, ki ba ta zaɓi biyu: "Hajiya, wannan rinin nan da mako biyar saiwar za ta fito. In rubuta miki Talatar makon ko Laraba?" Kin ba ta dalili, kin kuma tura ta ranakun da shago ke zama wayam. Ki rubuta a gabanta. Ana jibi ranar a tura mata tuni.

A koya wa duk ma'aikata wannan jimla har ta zauna a bakinsu, domin mai shago ba ta kan kowane kai. A kuma fara tun kasuwa na ci. Matan da suka cika shago a makon hada-hada su ne za su cika shi bayan mako biyar, in an rubuta su. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a lokacin cunkoso kowa na sauri, a karɓi kuɗi a ce na gaba, a bar mutum ɗari su fita ba lambar waya ba ranar dawowa.

Ga aikin da ke cin awa uku ko fiye, a karɓi kafin alƙalami. Rashin zuwan mutum ɗaya a ranar da mutum biyu kawai aka rubuta rabin cinikin yini ne.

Mataki na 4: Nemo waɗanda suka ɗauke ƙafa

Da tsohuwar zuma ake magani. Wadda ta taɓa zama a kujerarki ta san hanya, ta san hannu, ta san farashi, saƙo ɗaya na iya dawo da ita. Baƙuwa kuwa sai an kashe kuɗin talla kafin ma ta san kina nan.

Fitar da sunayen duk waɗanda suka wuce wa'adinsu da mako biyu ko fiye, ki fara da masu zuwa a kai a kai. Kowace ki tura mata saƙon kanta, da sunanta da aikin da aka yi mata. Kamar haka: "Anti, barka da yamma, kwana biyu. Na duba littafi na ga kitsonki ya shiga mako na bakwai, kada ya fara ja miki gaba. Ranar Laraba da safe babu layi, in kin samu dama sai mu tsefe mu wanke a tsanake." Babu roƙo a ciki, babu kukan kasuwa. Kada ki taɓa rubuta wa kwastoma cewa ba ciniki. Ba wanda ke son shiga shagon da ake gudu.

Mutum goma a yini sun isa. In kin fi son tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa, ki sani jerin aika saƙo na WhatsApp mutum 256 yake ɗauka, kuma waɗanda suka adana lambarki kaɗai zai isa gare su, don haka ki riƙa cewa su adana tun suna shago. Kada ki zuba mutane a guruf ba da izininsu ba, kowa na ganin lambar kowa. Wadda aka tura wa sau biyu ba ta amsa ba, a ƙyale ta sai wani lokaci.

Wasu za su amsa da abin da ba ki so ji ba: an bar ta tana jira awa biyu, an ja mata kai da ƙarfi, wata yarinya ta yi mata magana a tsaye. Ki ba da haƙuri, ki rubuta. Irin wannan bayani a lokacin cunkoso ba wanda zai tsaya ya ba ki shi.

Mataki na 5: Ragi, da abin da ya fi shi

Mu koma kan lambobin ɗazu. Aikin 100, kaya da kamasho 40, saura 60, ana buƙatar mutum 50. Kika yi ragin kashi 20 cikin ɗari, aikin ya koma 80. Shamfu da rini ba su san an yi ragi ba, suna nan a kuɗinsu, saura 40. Yanzu sai mutum 75 kafin shago ya biya kansa. In ragin kashi 30 ne, saura 30, sai mutum 100, ninki biyu cif. A watan da 35 ma da ƙyar aka samu, daga ina ɗarin za su fito?

Wannan asarar aljihu ce. Akwai ta biyu da ta fi ta daɗewa. Kwastomar da ta biya 70 sau biyu ta ɗauka kuɗin aikin ke nan, ran da kika koma 100 sai ta ce kin yi ƙari. Wasu kuma su koyi jira, sun san duk shekara a wata kaza ana karya farashi. Waɗanda ragin ke jawowa daga waje, mafi yawansu araha suka biyo, gobe wani ya fi ki ragi can za su koma.

Abin da ya fi ragi shi ne ƙara ɗan aiki kyauta, farashi na nan yadda yake. A ce turara gashi da mai ana yin sa a 20, amma man da ake shafawa na 5 ne. Ki ba duk wadda ta zo rini ko kitso ranar Talata da Laraba wannan kyauta. Ita ta ga kyautar 20, ke 5 ta fita daga hannunki, da mintunan da dā ma a zaune za a ɓata su. Wasu cikinsu za su ji daɗin yadda gashin ya yi laushi, su riƙa biya nan gaba. A lokacin sanyi lokaci ne kike da shi a wadace, kuɗi ne babu, to ki yi kyauta da lokacin.

Hanya ta biyu ita ce biyan kuɗi gaba: ta biya wankin kai biyar, na shida kyauta. In kin lissafa ragin kusan kashi 17 ne, amma kin karɓi kuɗin a dunƙule, kin kuma ɗaure ta da zuwa shida. Sai dai a kula, kuɗin da aka biya gaba bashi ne a kanki har sai an yi aikin. Mai shagon da ta cinye shi a makon farko za ta wayi gari shago cike da mutane akwati babu ko sisi. Ki ware aƙalla kuɗin kaya da kamashon kowane zuwa. Ki ba ta kati, ki rubuta sharaɗin a jikinsa: waɗanne ranaku yake aiki, zuwa yaushe. In katin kyauta ne wanda wani ke saya wa wata, ki duba dokar ƙasarki kafin ki sa masa wa'adi. A Amurka dokar 2009 ta hana irin wannan kati mutuwa kafin shekara biyar, a Ostareliya kuwa tun 2019 mafi ƙarancin wa'adinsa shekara uku ne.

In dole sai an yi ragin, a yi masa shinge ta ko'ina: aiki ɗaya, awanni ƙayyadaddu, ranar ƙarewa a rubuce, da dalilin da za a iya faɗa, kamar sabuwar ma'aikaciya da ke neman sabawa da mutane. Kuma a zaɓi aikin da hannu ya fi yawa a cikinsa, kaya kaɗan.

Akwai kuma masu son zuwa amma fitowa ke musu wuya: mai jego, tsohuwa, mai jinya, ma'aikaciyar da ba ta tashi sai yamma. Aikin gida da safe, da kuɗin mota a kai, ko buɗewa zuwa dare kwana biyu a mako, yana kawo cinikin da ragi ba zai taɓa kawowa ba.

Mataki na 6: Tsuke bakin aljihu a wurin kaya

Wata guda kafin sanyin da kika gano a littafi, rage sari. Kwalaben da ke jere a kanta kuɗi ne a kwance, kuma suna mutuwa. Duba bayan kowace kwalba za ki ga ɗan hoton gwangwani a buɗe da rubutu kamar 6M ko 12M ko 24M, watannin da kayan zai yi ke nan bayan an buɗe shi. Ki riƙa rubuta ranar buɗewa da maka a jikinsa. Ruwan da ake haɗa rini da shi yana rasa ƙarfi in iska da zafi da haske suna samunsa, gam ɗin gashin ido ma da an buɗe kwanansa kaɗan ne. Tsohon kaya a gaba, sabo a baya. In dila ya zo da tayin katan goma a farashi mai daɗi ana gab da shiga sanyi, ki tambayi kanki wata nawa za ki yi kafin ki ƙarar.

Abin da ba a tsukewa shi ne inganci da tsabta. Kada a tsarma shamfu da ruwa, kada a koma wa man da ba a san asalinsa ba, kada a maimaita tawul. Mutanen da suka rage miki a wannan lokaci su ne na amana, su ne kuma suka fi saurin gane an canja.

Mataki na 7: Ma'aikata

Nan ne aka fi yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ciniki ya ja baya, mai shago ta tsorata ta sallami mai kitson da ta fi kowa albashi. Bayan wata biyu kasuwa ta buɗe, mai kitson tana wani shagon, kwastomominta sun bi ta. A wannan sana'a mutane hannu suke bi, ba allon da ke ƙofa ba.

Ki fara da aunawa. Ma'aikata uku, awa takwas, kwana shida, awa 144 ke nan a mako. In awannin da aka yi aiki na gaske 60 ne, kusan kashi 42 cikin ɗari, kin san ba a buƙatar kowa da kowa daga safe har dare. Ki tara su ki nuna musu littafin, su ga da idonsu. Daga nan a tsara: hutun shekara na kowa ya faɗo a watannin sanyi, bi da bi; a yi karɓa-karɓa, wasu safe wasu yamma; in akwai ranar da littafi ya nuna shekara biyu ba ta kawo kuɗin wutarta, a rufe ta na ɗan lokaci a sanar da kwastomomi. Rage albashi ko awanni ba da yardar ma'aikaci ba ya saɓa wa dokar ƙwadago a ƙasashe da yawa, ko inda doka ta yi shiru ma yana kashe amana. Duk abin da aka amince a rubuta, da ranar da za a koma yadda ake.

Masu cin kamasho kaɗai su suka fi shan wuya, domin ranar da ba kai ba abinci. In da hali a yanka musu ɗan abin da ba za su gaza samu ba a mako, daga asusun nan na mataki na 2. Ki kuma raba kwastomomin da suka shigo da adalci, a bi layi. Gaba da ƙananan maganganu a shago lokacin zaman banza suke tsirowa.

Kujerar da ta zauna ba kowa ana iya ba da hayarta ga mai sana'ar da ba ki yi, kamar mai gyaran gira ko mai farce, ta kawo mutanenta su ga naki aikin.

Mataki na 8: Ayyukan da cunkoso ya hana

Kwance bayan diraya a cire gashi da ƙurar da suka toshe ragar, su ke sa ta zafi fiye da ƙima har ta ƙone. A wasa almakashi, a sa wa kilifa mai, a duba wayoyin wuta da suka soma tsagewa, a gyara famfon wurin wankin kai. In za a yi fenti yanzu ne, rufe kwana uku a wannan lokaci ba ya cin komai.

Sai koyo. Kowace ma'aikaciya ta ƙara hannu ɗaya, mai kitso ta koyi farce, mai farce ta koyi gyaran fuska, a gwada a kan juna ana duba agogo, domin saurin da za a buƙata ran cunkoso yanzu ake gina shi. A sake bitar abubuwan da gaggawa ke sa a tsallake: gwajin rini a bayan kunne ko lanƙwasar hannu awa 48 kafin a shafa wa sabuwar kwastoma, da barin mataji da almakashi a ruwan kashe ƙwayoyin cuta har mintunan da aka rubuta a jikin kwalbar su cika.

A ɗauki hotunan aiki da hasken rana, da izinin mai kan, a tara na wata biyu ko uku da za a riƙa sakawa a Instagram ko Facebook lokacin da ba wanda ke da sukunin ɗaga waya. Rajistar shago a taswirar Google kyauta ce, a sa awannin buɗewa na gaskiya, a roƙi kwastomomin amana su rubuta ra'ayinsu. In akwai ƙarin farashi da ake shirin yi, a lissafa shi yanzu a tsanake, amma kada a fara aiki da shi sai kasuwa ta fara motsi.

Mataki na 9: Tabbatar sanyin lokaci ne

Ba duk raguwar ciniki ce ta yanayi ba, kuma akwai haɗari mai shago ta yi ta cewa "lokaci ne" alhali shagon ne ke zubewa. Hanyar ganewa ita ce ki gwada wata da takwaransa na bara, kada ki gwada shi da watan da ya gabace shi. In bana da bara a wannan wata kusan ɗaya suke, yanayi ne, zai wuce. In bana ta gaza bara sosai, kuma watanni uku a jere haka, ko kuma lokacin da kasuwa ta saba buɗewa ya zo shiru, to akwai wata matsalar.

Ki duba cikin sababbin da suka zo wata uku baya, nawa suka dawo karo na biyu. Ki duba ko raguwar ta taru a kan kujerar mutum ɗaya. Ki leƙa unguwa ko an buɗe wani shagon, ko wani salon ya shigo da ba a yi a naki. Ki kira uku ko huɗu cikin tsofaffin kwastomomin da ba sa ɓoye miki magana, ki tambaye su kai tsaye me ya canja, ki yi shiru har su gama.